Muryar Da Aka Ara Wa Abbana

Bari in fara da laifina don kada wani ya ce na ɓoye. Ni na fizge wayar lasifikar daga bango, a falonmu, a gaban Ummana, mutumin da nake so yana tsaye cikin sabuwar riga yana jiran a yaba masa. Masu turo mini saƙo kullum suna cewa zuciyata ta yi yawa, na ji, na gode. Ku dai saurari abin da aka yi mini tukuna kafin ku yanke hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta ake kirana har yanzu da nake da shekara ashirin da shida. Sana'ata ɗaukar bidiyon taro da tallan shaguna. Amma abin da ya cinye mini wata bakwai shi ne wani ɗan fim nawa na kaina, minti goma sha ɗaya. Baƙi da fari ne, babu magana, babu kiɗa, babu ko tari. Irin na farkon zamanin silima nake nufi, lokacin da mutane ke tafiya da ɗan sauri-sauri a majigi, in za su yi magana sai a nuna rubutu a kati.

Abbana ne ya sa mini wannan ciwon. Shekara talatin yana juya majigi a gidan silima kafin a rufe shi a mayar da shi wurin ajiyar kaya. Ya dawo gida da tsohon majigi ɗaya da faifai uku na finafinan da ba sa magana, waɗanda ya gada a wurin maigidansa. Muna yara sai ya kafa farin zanen gado a bangon falo ya haska mana. Yayana barci yake yi, ni kuwa ko ƙiftawa ba na yi.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta tafi. Hankalinsa garau, faɗansa ma yana nan, sai dai yanzu da alli yake yinsa. Yana da ƙaramin allo baƙi da yake ɗorawa a cinya ya rubuta da hannun hagu, harafi ɗaya a karkace, ɗaya a kwance. To shi ne tauraron fim ɗina. Yini ɗaya na rayuwarsa na ɗauka: yana aske gemu, yana zuba wa majigin mai, yana kokawa da maɓallin riga. Kokawar maɓallin nan kaɗai minti uku ce, kuma wallahi sai kun yi dariya har ku riƙe ciki, don shi kansa da gangan yake ƙara mata gishiri, yana harar maɓallin, yana yi masa alamar kashedi da yatsa.

Man shafawa na goga a gefen wani gilashi na ɗaure a gaban kyamara don hoton ya yi dishi-dishi. Kwalin takalmi na huda da almakashi nake matsowa da shi a hankali, hoton ya riƙa rufewa ya koma ɗan da'ira a kan fuskarsa. Katunan rubutun kuwa guda bakwai ne, kuma duk allonsa ne da rubutunsa. RUWA. BA HAKA BA. KIN CIKA SURUTU. Irin waɗannan. Na ƙarshe ya ce INA NAN, kuma minti arba'in ya yi yana rubuta shi yana gogewa, har gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Na ce ya huta, ya jefe ni da alli.

Sai kuma Mai Murya. Haka kowa ke kiransa, saboda aikinsa ɗora murya a kan finafinan ƙasashen waje a wani situdiyo. A fim ɗaya shi ne ɗan sanda, shi ne ɓarawon, shi ne tsohuwar da aka sace wa jaka. Shekararmu kusan biyu tare, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son bawan Allahn nan. Shi ne ya sa na yi dariya a makon da aka sallamo Abba daga asibiti, lokacin da na ɗauka dariya ta ƙare mini. Aibinsa ɗaya, ba ya iya zama da shiru. In muka yi minti ɗaya a mota ban ce komai ba, sai ya rage gudu ya tambaye ni me ya yi mini.

Akwai wani zauren nuna gajerun finafinai da ya buɗe ƙofa ga sababbin hannu, za a rufe karɓa ranar Alhamis da tsakar rana, a nuna ranar Asabar. Kwamfutata ta tsufa, ta ƙi fitar da fim ɗin a irin tsarin da suka nema. Ranar Litinin na ba Mai Murya a filasha don ya juya shi a ta ofishinsu ya tura. Saƙonnin suna nan a wayata, ban goge ba.

"Ka juya shi kawai ka tura musu. Kada ka taɓa komai."

"An gama, Darakta. Kwantar da hankalinki."

"Ko ɗigo fa."

"Ko rabin ɗigo."

Har da fuskar dariya guda uku ya haɗo mini da su.

Ranar Alhamis da na dawo daga aiki wajen ƙarfe biyu ya kamata in gane akwai wata a ƙasa. An sauya labulen falo zuwa ruwan zuman nan da ba a fito da shi sai za a yi baƙi. An goge teburin gilashi, an jera kofunan shayi masu bakin zinariya. Umma ta sa koriyar doguwar rigarta mai duwatsu a wuya, ta yafa farin mayafi, har da kwalli. Rabon da in ga kwalli a idon Umma tun kafin ciwon Abba. Ga kuma Yaya zaune ya harɗe ƙafa, mutumin da ko gobara ake yi ba ya barin shagonsa na kayan gini da rana. Shi dama tun farko bai so fim ɗin ba, cewa yake zan kwance wa mahaifinmu zani a kasuwa.

Na tambayi Umma ko wani ne zai zo. Ta ce ɗan nan ne ya ce zai kawo fim ɗina mu kalla gaba ɗaya, in je in sauya wannan baƙar rigar aikin da duk ta yi ƙura. Ban sauya ba. Ko me ya hana ni, oho.

Sai ga Mai Murya ya yi sallama, riga ruwan toka sabuwa fil da layin guga, agogon da na saya masa, turare kamar ya yi wanka da shi. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma, ya ba Yaya hannu. A hammatarsa kuma akwai lasifika, baƙa, mai girman akwatin burodi. Na ce masa me za a yi da lasifika a fim ɗin da ba ya magana? Ya kashe mini ido ɗaya ya ce in zauna kawai, yau ni baƙuwa ce.

Aka tura keken Abba gaban talabijin, aka saki labule. Hoton ya buɗe daga ɗan da'ira kamar yadda na yi shi, ga Abba a gaban madubi da kumfa a haɓa. Sai na ji gyaran murya. Wannan ɗan gyaran muryar sau biyu da Abba ke yi kafin ya yi magana, wanda tun ina ƙarama in na ji shi nake gyara zama. Daga lasifikar ya fito.

"Ya ke ɗiyata, hasken idanuna, zo ki zauna in ba ki labarin rayuwa."

Jama'a, muryar Abba ce. Ba kama ba, ita ce, har da yadda yake jan ƙarshen kalma. Hawaye suka zubo mini ban shirya ba. Ba zan ɓoye muku wannan ba, na yi kukan daƙiƙa goma ina jin daɗi. Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Sannan hankalina ya dawo. Yaushe Abbana ya taɓa cewa hasken idanuna? Mutumin da in ya ji daɗinki ƙwarai sai ya ce "ba laifi". Na zuba ido ina jiran katin farko, RUWA. Bai zo ba. Aka wuce wurin kamar ba a taɓa yinsa ba. Aka zo kokawar maɓalli, Abba yana harar maɓallin yana yi masa kashedi, muryar kuma tana ta zuba wa'azi a kan haƙuri da juriya, da wani kiɗa mai sanyi a ƙarƙashi irin na wurin da jaruma ke mutuwa. Wurin da na gina don a yi dariya ya koma zaman makoki. BA HAKA BA babu. KIN CIKA SURUTU babu. Duk ya yanke su.

Na daure, wallahi na daure, ina cewa a raina bari in ga ƙarshe, ba zai taɓa na ƙarshen ba. Hoton ya fara rufewa a kan fuskar Abba, inda allon zai fito ya ce INA NAN. Sai muryar ta sake gyarawa sau biyu.

"Na yarda da wanda kika zaɓa, ɗiyata. Allah ya yi muku albarka."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge wayar lasifikar, soket ɗin ya biyo ta rabi daga bango, falon ya yi tsit.

"Ina katunan?" na ce.

Murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Ya fara bayani da sauri-sauri, yana duban Yaya yana duban Umma. Wai kwana uku bai je aikinsa ba yana kan wannan. Wai shi ya san masu kallo, shekara takwas yana aiki dominsu, babu wanda zai zauna minti goma sha ɗaya shiru sai an fara danna waya. Wai rubutun ba ya karantuwa daga nesa. Wai kyauta ce ya so ya yi mini, kuma layin ƙarshen nan wasa ne na soyayya, ya ɗauka zan yi dariya.

"Minti arba'in ya yi yana rubuta kalma biyu," na ce masa. "Kai ka goge su cikin daƙiƙa ɗaya, ka sa masa a baki ya ba ka ni."

Ya ce ban fahimce shi ba. Na ce na fahimce shi sarai, shi ne matsalar. Na tambaye shi ina ya samo muryar ma tukuna.

Ba shi ya amsa ba. Umma ce ta sauke mayafin daga bakinta ta ce ita ta ba shi. Ashe akwai saƙonnin murya fiye da arba'in a tsohuwar wayarta, na Abba, tun yana da lafiya: a turo masa makulli, ya makara, kada a jira shi. Tana ajiye da su a cikin akwatin kayanta, ban taɓa sani ba. Ranar Litinin da Mai Murya ya zo karɓar filasha ta ja shi gefe ta tambaye shi ko zai iya kwaikwayon muryar ya ɗora a fim ɗin.

"Shekara biyu, Auta," ta ce. "Shekara biyu ban ji ya yi magana a ɗakin nan ba. Ke kina da kyamararki. Ni me nake da shi?"

Wannan ta same ni a inda ba ni da kariya. Da Yaya ne ya faɗa da na san amsar da zan ba shi, amma Umma ce, da kwallinta da ya zubo har kumatu. Na tsaya da wayar lasifikar a hannu kamar ɓarauniyar da aka kama.

Yaya ya ga na yi sanyi sai ya shigo da nasa. Ya ce ai wannan shi ne fim, yanzu ne mahaifinmu ya fito da mutuncinsa, ba tsoho yana fama da maɓalli mutane suna ƙyaƙyata masa ba. Ya ce mace ta samu wanda zai bar aikinsa kwana uku ya gyara mata shirmenta, maimakon godiya sai ta ci masa fuska a gaban iyaye. In ba shi haƙuri yanzu-yanzu, don jibi da yamma manyansa za su zo maganarmu, kada in ja mana abin kunya.

Kalmar shirme ce ta dawo mini da ƙarfina. Na naɗe wayar lasifikar tsaf na ɗora a kanta, na miƙa wa Mai Murya, na ce ya tafi tukuna, yau ba na iya ganinsa. Idonsa ya yi ja. Ya karɓa, ya sunkuya ya yi wa su Umma sallama, sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, a hankali, wannan ɗin da muka kalla ya tura wa zauren tun ƙarfe sha ɗaya, an riga an rufe.

Ko minti biyar bai yi da fita ba wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga shugabar zauren. Ta ce tana taya ni murna, kwamiti ya zaɓi fim ɗina ya buɗe taron ranar Asabar, kuma cikin baƙi akwai mai zaɓar finafinan da ake zagayawa da su wasu zauruka. Ta ce muryar mahaifina ta sa biyu daga cikinsu kuka.

Na karanta a fili. Yaya ya tafa hannu ya ce to ga shi nan, sai in yi wa mutane shiru. Ni kuwa shekara huɗu ke nan ina tura aiki wurare irin wannan ko amsa ba a ba ni. Abin da nake nema ne ya zo har cikin tafin hannuna, kuma abin da kawai ake so in yi shi ne in rufe bakina.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Abba ne yake buga allonsa a hannun keke. Duk wannan hayaniyar a kansa ake yi, amma babu wanda ya waiwaye shi, har da ni mai ihun kare shi. Kunya ta kama ni. Na durƙusa a gabansa na riƙe masa allon, ya damƙi alli ya fara. Babu wanda ya motsa har ya gama, kuma ya daɗe.

BA NI BA NE.

Umma ta fashe da kuka sosai. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya goge da gefen hannu ya sake rubutawa. BAR MATA. Ya nuna lasifikar da ba ta nan, ya nuna Umma. Na gane. Na ce masa to, fim ɗin da aka sa wa murya na Umma ne, a sa mata a waya ta ji duk lokacin da take so, ba zan ce komai ba. Amma wanda duniya za ta gani fa? Ya ɗaga allon ya kai shi daidai ƙirjinsa, ya riƙe shi a nan.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na rubuta wa shugabar. Na ce muryar da suka ji ba ta mahaifina ba ce, kwaikwayo ce, an ɗora ta ba da sanina ba. Mahaifina ba ya magana. Fim ɗina shiru ne, da katuna bakwai na rubutunsa. Ko su nuna shi haka, ko su cire sunana daga jerin gaba ɗaya.

Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa. Ya ce in na tura wannan na tona wa yaron asiri a idon mutanen sana'arsa, kuma shi ba zai zauna ya karɓi manyan kowa jibi ba, in nemi wanda zai tsaya mini. Na ce masa ban ambaci sunan kowa ba, kuma zama ko tashi wannan ruwansa. Rabon da in mayar wa Yaya magana haka tun ina aji uku.

Ban tura ba. Na karanta wa Abba saƙon daga farko har ƙarshe, na ɗora masa wayar a kan allo, na nuna masa inda ake dannawa. Yatsansa fari fat da alli, ya kuskure sau biyu. A na uku ya samu.

Yaya ya fita ya bugo ƙofa. Umma ta share fuska da mayafinta, duk kwallin ya ɓata shi, ta ce da ni cikin muryar da ta gaji, "Auren fa, Auta?"

"Umma, ina sonsa," na ce. "Amma sai ya zo ya zauna a falon nan ya kalli Abba minti goma sha ɗaya bai ce uffan ba. In ya iya, manyansa su zo."

Ta ce ai na san ba zai iya ba. Na ce to shi zai gaya mana.

Shayin ya huce a kofuna, babu wanda ya taɓa. Wayar tana kan allon Abba, mu uku muna kallonta. Mai Murya ya kira sau biyu, na bar ta tana ta ruri har ta katse. Ƙarfe huɗu saura kwata amsar shugabar ta shigo, gajeriya, babu gaisuwa. Ta ce kwamiti bai ji daɗi ba, wasu suna cewa a cire ni. Amma suna zauren har ƙarfe biyar da rabi. In gaskiya nake faɗa, in kawo ainihin fim ɗin yanzu su gani da idonsu, kuma suna so su ga mai rubutun.

Na dubi Umma, ta girgiza kai tun kafin in buɗe baki. Tun ranar da aka dawo da Abba daga asibiti bai yarda an fitar da shi ko ƙofar gida ba, likita ma gida yake zuwa, saboda ba ya son idon mutane. Na fara rubuta wa matar cewa zan zo ni kaɗai.

Abba ya ture wayar daga kan allon ta faɗo mini a cinya. Ya goge abin da ke kai, ya damƙi alli, ya rubuta harafi bayan harafi, sannan ya juya allon ga Umma.

TAKALMINA.